Gurbin Yatsa

Lauratu ta janye itace biyu daga ƙarƙashin tukunyar, ta tsoma bakinsu cikin ruwan kwata. Wutar ta yi ƙara ta mutu.

"Wa ya aiko ki?" in ji Inna Hajo. Tana tsaye da damin ganyen darbejiya a hannu. Shekara talatin ita ce ungozomar wannan lungu na Goron Dutse, kuma mai jegon da ake dafa wa ruwan matar ɗanta ce.

"Ba wanda ya aiko ni, Inna. Zo ki gani."

Lauratu ta shiga ɗakin tana jan ƙafar hagu, wadda shan-inna ya tsotse tun tana 'yar shekara huɗu. Kulu, mai jegon, na zaune a kan gadon ƙasa, garwashi na ci a ƙarƙashinsa. Ta jingina da bango, don kwanciya ta gagare ta. Kwananta ashirin da uku da haihuwa, tana numfashi kamar wadda ta hau dutsen unguwar da gudu.

Lauratu ta yaye zanin daga ƙaurin Kulu, ta danna babban yatsa, ta ƙirga biyar, ta ɗaga. Gurbin ya zauna kamar a jikin tuwon jiya. Bai ciko ba.

"Ruwa ne ya taru. Zuciyarta ta gaji. Kunun kanwa na ƙara shi, zafin nan na ƙara shi."

"Sanyi ne ya shige ta," in ji Hajo. "Tun ran suna na ce ruwan ba ya tafasa. Yau zan ƙara wuta."

"In kika ƙara, kashe ta za ki yi."

Mata uku 'yan dubiya na zaune a tsakar gida. Duk sun ji. Hajo ta ajiye ganyen a hankali.

"Ni na yanke miki cibiya, 'yar Larai. Bayan katangar nan. Yau ni ce mai kisa."

Kulu ta buɗe ido. "Laure," ta ce, tana hutawa tsakanin kalma da kalma, "har yanzu bakinki ya fi ƙafarki sauri."

Larai, uwar Lauratu, ba ta kai arba'in ɗin haihuwarta ta biyu ba. A kumbure ta mutu, Lauratu na da shekara bakwai. Da aka zo neman yarinya ɗaya daga unguwa don makarantar boko, kowa ya ɓoye tasa, aka miƙa marainiya gurguwa. Kulu, 'yar maƙwabta, ita ta ɗaukar mata ƙunshin kaya har bakin mota. Daga makarantar 'yan mata aka tura ta kudu koyon jinya, shekara huɗu ba ta ga ganuwar Kano ba. A can ta ci karo da ciwon uwarta a cikin littafi, da sunansa da maganinsa. Ta dawo farkon damina ta 1956, aka ba ta aiki a ɗakin mata na asibiti.

Da ta fito daga ɗakin mai jegon, ta sami Malam Ilu, mijin Kulu, a zaure yana ɗinkin fata.

"Malam Ilu, izininka nake nema in kai ta asibiti."

"Mai jego ta fita kafin arba'in?"

"Saura kwana goma sha bakwai. Ba ta da su."

Bai ɗago daga ɗinkin ba. Da haɓa ya nuna tarin itacen da ke jingine da bango, tsawon mutum. "Na arba'in cif na sayo. Ba wanda zai ce na gaza mata."

"Ba wanda ya ce ka gaza."

"Me Inna ta ce?"

Lauratu ta juya za ta fita.

"To," in ji shi, ya ja zare.

Kwana uku tana safa da marwa tsakanin asibiti da gidan. Ta leƙa kafin ta tafi aiki, ta dawo lokacin hutun rana da gumi, ta sake zuwa bayan la'asar. Kullum tukunya na kan wuta. Ƙwayoyin maganin da ta kawo suna kan taga, ba a kwance takardar ba. In ta yi sallama Hajo ta amsa, daga nan ba ƙari. Kumburin ya wuce gwiwa. A wurin aiki ta zuba wa wata ruwa har kofin ya cika ya malale ba ta sani ba.

Rana ta uku ta jira sai da tsakar gidan ta zama ba kowa. Ta durƙusa, abin da ƙafarta ba ta so.

"Inna, na yi miki rashin kunya a gaban mutane. Ki yafe mini."

"Na ji."

"Ara mini yatsanki."

Hajo ta dube ta, amma ba ta janye hannun ba. Lauratu ta kama babban yatsan, ta ɗora a ƙaurin Kulu, ta danna, ta ƙirga biyar a fili.

"Ke kika yi wa innata wankan jego. Haka tata ƙafar take?"

Hajo ta daɗe tana kallon gurbin.

"Haka take," ta ce. Can ta ƙara da cewa, "Je ki kawo motar taku. Ni zan gaya masa."

Mota ɗaya asibitin ke da ita. Akawun da ke riƙe da takardar fitarta yana cin goro.

"Ta tafi ɗauko matar wani babban ma'aikaci awon ciki. In ta gama za ta mai da ita."

"Awon ciki na iya jira. Wannan ba ta iya numfashi."

"Malama, tun jiya aka rubuta sunan waccan. Taki matar wa ce?"

"Matar baduku."

Ya tauna goronsa. "Ai motar ma ba ta shiga lungu."

"Rubuta. Kulu, Goron Dutse. Ka sa lokacin da na nema."

"Me amfaninsa?"

"Rubuta."

Ya rubuta, don ya ga ba ta da niyyar matsawa.

A bakin titi ta tare mai amalanke da ya sauke buhunan gyaɗa. Ta shimfiɗa mayafinta a ciki, ta shige gaba tana jan ƙafa, mutumin na ce mata ta hau, tana cewa ya dai turo. Rana ta karkata sa'ad da suka kai bakin lungun. Tun daga nan ta ji salati. Ta tsaya. Mai amalanken ma ya tsaya, ya cire hula ya share goshi.

Hajo na zaune a bakin ƙofar ɗakin, jaririyar a cinyarta.

"Ruwan sanyi ta nema," ta ce. "Kwana ashirin da shida ban bari ta sha ba. Na ba ta na randa. Ta shanye, ta ce a ce miki kada ki yi gudu, faɗuwa za ki yi."

Da itacen arba'in aka ɗumama ruwan wankan gawarta. Guda huɗu suka isa. Sauran Malam Ilu ya ce a kwashe daga inda idonsa zai gani.

Washegari Lauratu ta tafi aiki. Ta kwafe sunan Kulu da lokacin daga takardar akawun, ta rubuta wa shugaban asibitin cewa a riƙa fitar da mota bisa tsananin ciwo, ba bisa mijin mai ciwo ba. Ba amsa. Ta sake rubutawa. Ta samo littafi ta fara jera gidajen masu jego na unguwar, tana bin su ɗaya ɗaya bayan tashi daga aiki. Wasu su buɗe mata, wasu su ce mai gida ba ya nan.

Bayan wata biyu aka haihu a gida na uku daga na su Lauratu. Ta yi sallama a tsakar gida ba a ji ba. Tukunya na tafasa a murhu kamar kullum, ganye na jiƙe a gefe. Ta ɗaga labule.

Hajo ce a durƙushe gaban mai jegon, 'yar Kulu goye a bayanta. Yatsanta na kan ƙaurin yarinyar, leɓɓanta na motsi. Ta kai biyar, ta ɗaga. Naman ya ciko. Ba ta waiwayo ba. Ta jawo ɗaya ƙafar.