Ƙamshin Ruwan Ƙarshe

"Ku fitar min da abin nan," in ji Iya Uwaliya. "Ita ma ta fita."

Da hannunta mai lafiya ta ture kofin kunu, ya kife a tabarma. Badi'a, matar ɗanta Hamisu, ta durƙusa tana gogewa. A kan taga wani ɗan farin inji yana busa tururi mai ƙamshi. Nawa ne.

Shekara shida na yi a Indiya, huɗu ina karatun jinya, biyu ina aiki a gidan kula da tsofaffi. Can idan tsoho ya kasa natsuwa, ruwa muke zubawa a injin, mu ɗiga man ƙamshi, mu kunna. Da na dawo Kudan na tarar da maƙwabciyarmu Iya Uwaliya kwance, ɓarin jikinta ya shanye, tana yini tana nishi. Badi'a ke ɗaga ta, ita ke mata wanka. Ta kan katanga ta roƙe ni dabara, na miƙa mata injin da kwalba ɗaya.

Yau kwana uku ke nan tsohuwa ba ta karɓi komai daga hannun Badi'a ba, sai ɗan ruwan da Hamisu ke ba ta kafin ya tafi gona. Ta kuma ƙi faɗin dalili.

A tsakar gida mata 'yan dubiya sun zauna a inuwa.

"Hayaƙi ba garwashi," in ji Inna Fatsuma mai ƙosai. "Tunda uwata ta haife ni ban taɓa gani ba."

"Tururi ne, Inna," na ce.

"To, Likita. Tururin me?"

"Shekara biyu tana ɗawainiyar tsohuwa," wata ta ce ƙasa-ƙasa. "Mutum ai yana gajiya."

Hamisu ya shigo daga gonar rake, lauje a hannu. Ya tare Badi'a a bakin ɗaki.

"Wa ya ba ki abin nan? A kasuwar Makarfi kika samo shi?"

Ta dube ni, ta sunkuyar da kai. Ba ta kira sunana ba. Ni ma ban ce nawa ne ba. Na ma yi abin da ya fi haka: na ɗauki kwalbar na ɗaga ta a rana, ina duba ko ta ƙara wani abu a ciki. Ba ta ƙara komai ba.

Na shiga ɗakin ni kaɗai, na kashe injin.

"Iya, ina wuni? Ya jiki?"

"Jiki ga shi nan, 'yar Indiya. Kin zo duba ko an gama?"

"In ba ki ci abinci ba, ba za ki kai Juma'a ba."

"Buɗe kwalbar nan ki shaƙa. Me kika ji?"

"Fure. Da wani abu mai sanyi."

"Kafur ne."

Na juya kwalbar. Yana nan, na huɗu a jerin ƙananan rubutu. Na sha karanta shi, bai taɓa ce min komai ba.

"Shekara arba'in ina wanke gawar matan garin nan," ta ce. "Ruwan ƙarshe da kafur ake yi. Ni na sa wa kakarki da hannuna. Yau ina numfashi an cika min ɗaki da shi. In ta miƙo kofi, a yatsunta nake jinsa."

"Iya, nawa ne. Ni na ba ta. Ba ta san abin da ke ciki ba."

Ta kafe ni da idonta mai lafiya.

"Wa ya aiko ki?"

"Ba kowa."

"Can da shi ake lallashin tsofaffi?"

"Da shi."

"To su da me suke wanke matattunsu?"

"Inda na yi aiki, yawancinsu ƙonawa ake yi."

Rabin fuskarta ya yi dariya. "A'uzu billahi. Shi ya sa." Sai dariyar ta tsaya. "Kina tsaye a tsakar gida ana cin naman yarinyar nan. Me ya riƙe miki baki?"

Ta nuna ƙofa da hannunta mai lafiya.

"Ɗaga labulen. Kira ta, ta zo da kunu."

A gaban matan duka ta sha daga hannun Badi'a, kurɓi biyar, ina ƙirgawa. Sannan ta karɓi kwalbar ta kai hanci.

"Sun cika shi. Kamar ƙwayar dawa ake murzawa a ruwa, ya isa. Matso, Badi'a. Daga dama ake farawa, kuma ba a yaye zane." Ta ɗaga murya. "Fatsuma, ki shaida. Ranar da ta faru, wannan ce za ta wanke ni. Ke ki zuba ruwa kawai, hannunki warin mai yake."

"Ji tsohuwar nan!" in ji Inna Fatsuma. Wasu suka yi dariya. Ba duka ba.

Ranar Talata da hantsi Iya Uwaliya ta cika. Badi'a ta yi wankan, Inna Fatsuma na zuba ruwa. Da maza suka fita da makara, na ji mata biyu a bayana suna lissafi.

"Kwana nawa da kunna abin?"

"Takwas."

Na juya na ce musu injin nawa ne, man ma nawa ne. Suka ce Allah ya ji ƙanta, suka gyara mayafi.

Da la'asar na koma ɗaukar injin. Na same shi a goge, an naɗe wayarsa, an ajiye a bakin ƙofa. Badi'a na zaune a ƙasa kusa da gadon da aka naɗe wa katifa. An kawo mata tuwo da ruwan wanke hannu, duka suna gabanta a rufe. Tafukanta na buɗe a kan gwiwoyinta, ɗakin kuma shiru, sai ƙamshin kafur.