Filasta a Wuyan Hannu

"Sunanta fa?"

Ndayako, mai kula da ɗakin ajiye gawa, ya ɗora biro a kan takarda yana jirana. Dattijo ne Banufe mai sanyin murya. Fanka na ta ƙara a sama, warin magani ya cika mini hanci. Ga ta nan a kan gadon ƙarfe an lulluɓe ta da zane, ƙafafunta a waje, duk sun yi faso.

"Sista," na ce.

"Sista ai ba suna ba ne, Mama. Sista wa?"

Shekara goma sha biyar ɗakina na jikin nata, ita ta yanke cibiyar 'ya'yana uku, amma wallahi ban san sunanta ba.

"Yau kwana huɗu da 'yan dako suka kawo ta daga tashar jirgi," in ji shi. "In ba a samu mai ita ba zuwa la'asar, za a haɗa ta da sauran da ba a san su ba, rami ɗaya. Ba mugunta ba ce, wuri ne ba mu da shi."

Rami ɗaya. Duk duniya babu abin da matar nan take tsoro irin wannan, kuma duk Minna ni kaɗai na san haka.

* * *

A shekarar da Minna ta zama babban birnin jiha matar nan ta zo gidanmu na haya, bayan tashar jirgin ƙasa inda maigidana Ladan yake aiki. Akwatin ƙarfe ɗaya ta zo da shi, sai wata rigar sanyi ta soja da ba ta rabuwa da ita ko ana zafin Maris. Bagwariya ce, Kirista, doguwa, ba ta da yawan dariya. Aka ce nas ce ta soja, da ita aka yi yaƙin basasa. Wani ya ce mata Sista, shi ke nan kowa ya ɗauka.

Kai, matar nan ta yi wa unguwarmu bauta! Naƙuda, ƙuna, yaro ya haɗiye kwabo, sai ka ji ana "a kira Sista". Har Bosso take takawa a ƙafa, har wajen masuntan dam ɗin Tagwai in ƙugiya ta shige wa wani. Ko goro ba ta karɓa. In ka matsa mata sai ta harare ka, ta ce, "Ni na ce maka ina ciniki?"

Abu ɗaya ne take yi da ba mu gane ba. Duk wanda ciwo ya kwantar da shi sosai, sai ta tambayi cikakken sunansa da garinsu, ta yanko farar filasta da ɗan almakashinta, ta rubuta da boko, ta manna masa a wuyan hannu. In ya warke ta ɓare abinta ta jefar.

Wata rana da la'asar muna feren doya a tsakar gida, jirgin Kaduna ya yi kuka. Na ga wuƙar ta tsaya a hannunta. Kullum haka take in jirgi ya yi kuka, sai ta ƙame kamar an kira ta. Ran nan dai na tambaye ta, har da zancen filastar.

"Maman Rabi," ta ce, don da sunan 'yata Rabi'atu take kirana, "a bakin daga, an kawo mini wani soja, cikinsa a buɗe. Babu takarda a jikinsa, babu lamba. Ina ta kiciniyar tsayar da jini, ban tambayi sunansa ba. Inna kawai yake kira. Da safe muka zuba su su talatin da wani abu a rami ɗaya. Bayan an gama yaƙi, na sauka a tashar nan na tarar da wata tsohuwa tana bin taragu ɗaya bayan ɗaya, tana tambayar sojoji ɗanta. Ta riƙe mini riga. Idonta irin nasa ne, Maman Rabi. Ko shi ne, ko ba shi ba ne, ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba."

Ta ci gaba da feren doyarta. "Tun ranar na yi rantsuwa. Mutum ba zai ƙara mutuwa a hannuna babu suna ba."

Na ji wannan da kunnena. Ku riƙe shi, don shi ne abin da ke cina.

* * *

Daminar 1991 amai da gudawa ya shigo unguwa. Gida uku, gida biyar, sai ga makara tana fita safe da yamma. Asibiti ya cika har baranda. Sista ta ɗaura rigar sojanta a ƙugu tana bin gidaje da ruwan gishiri da sukari, tana ɗura wa mutane cokali-cokali, tana faɗa a kan a tafasa ruwan sha. Filastarta kuwa tana ta ƙarewa.

To, wanda ya warke an ɓare masa, babu wanda ya gani. Wanda ya mutu kuwa da tasa yake tafiya wurin masu wanka. Haka masu wankan gawa suka riƙa tarar da farin abu a wuyan hannu, gawa bayan gawa, da rubutun da yawancinmu ba mu iya karantawa. Da Sharifa matar Mika'ilu mahauci ta rasu, shi da kansa ya ɓaro filastar ya fito da ita zaure yana ɗagawa.

"Duk wanda ta rubuta, ya tafi! Ku faɗa mini mutum ɗaya da aka binne babu wannan!"

Kafin magariba kalmar ta gama unguwa. Mayya.

Na san ƙarya ce. Na san dalili. Amma kwana biyu bayan nan Rabi'atu ta kwanta, idonta ya faɗa, fatarta in ka ja ba ta komawa. Sista ta wuni a kanta tana ba ta ruwan nan, ta amayar, ta sake ba ta. Can sai na ji ƙarar almakashin, ƙyas. Na waiwaya na ga farin abu a hannun 'yata.

Ban san lokacin da na fizge shi ba. "Ba za ki ci mini 'ya ba!" Da ƙarfi na faɗa, matan gidan duka suka ji. Kaicona. Tsoro ne, amma tsoro ba ya wanke ni.

Abin da ake jira ke nan. Maƙwabciyarta ma ta faɗa, aka ce. Washegari da hantsi suka cika ƙofar gida, maza da matan da ta karɓi haihuwarsu. Aka wurgo akwatinta cikin kwata, bandeji da kwalabe suka watse a taɓo. Dutse ya same ta a goshi. Ba ta yi kuka ba, ba ta gudu ba. Ni kawai ta nemo da ido a cikin taron.

"Maman Rabi, ki gaya musu."

Na sunkuyar da kai ina kallon yatsun ƙafata.

Ta tsince abin da za ta iya tsinta, ta ɗora akwatin a ka. Da ta zo wucewa ta gabana sai ta rage murya. "Kada ki daina ba ta ruwan. Cokali-cokali, ko ta amayar."

Na ba ta. Rabi'atu ta tashi, ga ta can yanzu a makarantar 'yan mata, ta fi ni tsawo.

Shekara biyu Sista tana kwana a wani tsohon tarago da aka yasar a ƙarshen tasha. Ko cocinsu ta daina zuwa, don can ma zancen ya bi ta. Sau ɗaya na hango ta, ta rame, tana wanke wa wani ɗan dako gyambo. Na laɓe bayan masu doya har ta wuce. Tun daga nan in jirgi ya yi kuka ni ce nake ƙamewa, ina jin ƙyas ɗin almakashi a bayana, in juya babu kowa. Yau da safe a kasuwa na ji ana cewa mayyar tasha ta mutu. Na ajiye kwandona na taho.

* * *

"Mama, ba ki tuna ba?" Ndayako ya katse mini tunani.

"Ka duba jikinta?"

"Mace ce, babba. Ban taɓa kayanta ba, ina jiran mata."

Na matsa. Na yaye zanen. Rigar sojan na jikinta, ta koɗe, hannun rigar ya rufe har yatsu. Tabon dutsen na nan a goshi. Na naɗe hannun rigar na hagu.

Farar filasta, an yanke ta daidai, an manna ta tsaf. Gefenta ya yi baƙi, alamar ta daɗe a wurin.

"Baba, karanta mini. Ban yi boko ba."

Ya gyara tabarau, ya sunkuya. "Magdalina Yona. Zungeru." Ya rubuta a takardarsa yana gyaɗa kai. "Alhamdulillahi. Ta fita daga ramin taro. Zan aika wa mutanen coci." Sai ya ƙara sunkuyawa. "Akwai wani layi a ƙasa, ƙanana."

"Me ya ce?"

"Wanda za a sanar: Barira matar Ladan, 'yar'uwata." Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "Kin san ta? Ya kamata a nemo ta."

Daga nesa jirgin Kaduna ya yi kuka. Ina riƙe da hannun, sanyi ƙalau, shi kuma yana tsaye da biro yana jiran amsa.