Littattafan Da Suka Kwana A Babban Ɗaki

Tun ranar da Rodika ta tafi aikatau Italiya ta bar 'yarta Sanda a hannun uwarta Profira, yarinyar ta haɗiye harshenta. Shekararta huɗu da rabi, amma in ka cire "ruwa" da "a'a", sai dai nuni da yatsa. A waya Rodika ta yanke hukunci: "Mama, in na zo bikin Ista ban ji bakinta ya buɗe ba, da ita zan koma. Can akwai likitocin magana." Profira ta ajiye wayar ta zauna. Mijinta ya rasu, ɗanta yana Rasha. In aka ɗauke Sanda, daga ita sai kaji.

Ana haka sai ga Eudokiya, mai kula da laburaren ƙauyen. Da ta ga babu mai zuwa wajenta, sai ta koma bin gidaje duk Alhamis da jakar littattafan yara, tana cusa ƙafa cikin taɓo. Profira kuwa "Matusha" take kiran ta, wato gwaggo.

"Matusha Profira, ga wannan. Kullum ku zauna ku duba shi tare. Ko ba ki karanta ba, ki nuna mata hoto, ki faɗi sunansa. Da haka baki ke buɗewa."

Profira ta goge hannu a zani, ta karɓa da hannu biyu. Littafi sabo fil, ga hatimin gwamnati a ciki. Wa zai miƙa irin wannan ga yarinyar da hannunta ba ya rabo da maiƙo? Ta wuce da shi babban ɗaki, inda ba a kwana, ba a hura wuta, ba a shiga sai ranar biki ko ranar gawa. Ta ɗora shi kan tulin dardumar aurenta, ƙarƙashin hoton Maryamu, ta ja ƙofa. Kullum da safe takan ɗaga Sanda a bakin ƙofar ta ce, "Kin gan shi can? Naki ne. Kalla da ido."

A ganinta ta cika umarni. Duk Alhamis ta mayar da littafi tsaf, Eudokiya kuwa ta yi ta yabo, don ita ma mai tsoron yagewar takarda ce. Haka aka cinye hunturu, kowa na ganin ya yi daidai.

Saura kwana goma Ista asiri ya tonu. Eudokiya ta buɗe littafin da aka mayar mata, ta tarar shafukan har yanzu a manne suke.

"Matusha, a ina yake kwana?"

Profira ta nuna mata, har da ɗan alfahari.

"Wayyo ni! Ai ba waliyyi na kawo miki ba! Na ce ku duba shi, ke kuma kika yi masa aure!"

"To da me kike so? Ta tauna kayan gwamnati?"

"Ta tauna! Ta zuba masa miya! Ni za a tambaya!"

Eudokiya ta zauna dirshan a tsakar ɗakin girki, ta ɗora littafin a cinyar Sanda. Yarinyar ta shinshina shi, ta lashi gefensa, ta daɗe tana kallon wani hoto. Can ta dangwala yatsa ta ce, "Agwagwa."

Kunya da baƙin ciki suka rufe Profira. Littafi goma sha huɗu ta tsare daga hannun jikarta, kuma duk don ƙauna.

Kwanakin da suka rage ba ta ko kula lambunta ba, kullum tana kan littafi ita da jikarta. Tuwon masara ya ƙone sau biyu. Sanda ta samu 'yan kalmomi: agwagwa, keke, wata, takalmi, kaka. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Rodika ta iso, ta saurara, ta share hawaye ta ce, "Mama, kin yi ƙoƙari. Amma sa'anninta labari suke bayarwa." Ranar Laraba suka shiga motar Padova, can Italiya.

Sai da aka fara girbin inabi wayar ta zo. Rodika ce, muryarta cike da murna.

"Mama, zauna ki ji! An sa ta a wani laburare a nan, yanzu ba ta rufe baki. Sanda, zo ki karanta wa Kaka!"

Sai ga muryar yarinyar, garau, tana zuba kamar famfo, tana dariya, ana jin ƙarar juya shafi. Da Italiyanci. Profira ta manna wayar a kunne har ya yi zafi, tana neman kalma ɗaya tak da za ta gane, ba ta samu ba.

Da yarinyar ta yi shiru, Rodika ta ce, "Tambayar ki take yi, Mama. Ba ki amsa ba."

"Me ta ce?" in ji Profira.