Ƙarin Jinin Yaya Asabe

Maigidana Audi ya shekara huɗu yana fama da ciwon hanta kafin ranar da ya yi aman jini a tsakar gidanmu na Unguwar Dosa. A asibiti likita ya zura masa tiyo mai kyamara ta baki, ya ɗaure jijiyoyin da suka fashe a hanyar abincinsa da ƙananan robobi. Da aka turo shi ɗaki cikin magagin allura, likita ya ja mini kunne: ko ɗigon ruwa kada a ba shi sai gobe, don maƙogwaronsa a mace yake, abin da aka zuba zai iya zarcewa huhu. Har takarda aka manna a saman gado.

Takarda kuwa ba ta taɓa hana dangin Audi komai ba.

Bayan la'asar sai ga yayarsa Asabe daga Unguwar Shanu, wadda ta goye shi yana jariri kuma ba ta bari a manta. Ta harari ledar ƙarin ruwa, ta zaro kwalbar molt da gwangwanin madara daga jaka.

Na ce, "Yaya, likita ya ce kada a ba shi komai."

"Safara'u, mutum ya zubar da jini har haka, ku tsaya kuna ɗura masa ruwan gishiri? Da wannan na tayar da masu jego bakwai. Ɗago mini kansa."

Na ɗago. Har yau ina jin haushin kaina. Ni mai takardar digiri, shekara ashirin a ofis, amma ban iya cewa a'a ga yayar miji ba. A cokali na huɗu ya shaƙe, ya yi ta tari. Ta bubbuga bayansa ta ce jinin ne ke neman hanya.

Washegari jikinsa ya yi zafi rau, numfashi na fita da ƙyar. Dangi suka cika baranda, kowa ya zama likita. Wani ya ce tiyon ne ya huda shi, wata ta ce dama likitan yaro ne ƙarami.

Likita ya fito riƙe da hoton ƙirji. "An ba shi wani abu jiya? In an ba shi, na san abin da ke huhunsa, zan fara magani yanzu. In ba a ba shi ba, dole mu sake shiga da shi mu nemi inda ya ɓule, kuma a halin da yake ciki ina tsoron hakan."

Yaya Asabe ta duƙufa kan carbinta kamar yau aka saya mata shi.

Na ce, "An ba shi molt da madara. Yaya ce ta ba shi, ni na riƙe kansa."

Kwana tara Audi ya yi da robar iska a hanci. Kwana tara ba wanda ya amsa gaisuwata a dangi. Ran da aka cire robar na yi kuka don murna, na matso kusa ganin yana motsa baki.

Ya ce, "An ce kin tona Yaya a gaban mutane. Ki shirya gobe ki je ki ba ta haƙuri."