Fitila Ɗaya Ta Kalli Silin

Elisha mai gyaran wuta yana kan tsani, ya ɓamɓare allon silin guda, sai abin ya zubo. Wani baƙin gari ne mai danshi, kamar an zazzage buhun taki, ya sauka a kansa, ya sauka a kan sabon gadon amarya da farin zanen da Habibatu ta zaɓo da kanta a kasuwar Muda Lawal. Kafin ta buɗe baki zarni ya shige mata har maƙogwaro. Ta toshe hanci da mayafi, ta yi waje tana kakarin amai.

"Hajiya, kashin jemage ne!" in ji Elisha, yana tofar da yawu. "Ga su can sun yi reras a jikin katako."

Ita ta jawo, ba wani ba. Jiya 'yan jere suka gama shirya ɗakin ƙanwarta Ummi a tsohon gidan mahaifin ango da ke GRA, gobe kuma za a kawo amarya. Ɗakin ginin da ne, ƙwan lantarki ɗaya tal a jikin bango, babu ko zaren waya a sama. Habibatu kuwa ta sayo fitilun yayi, waɗanda ake jerawa a jikin dogon ƙarfe a manna a silin, kowane kai a juya shi inda ake so. Mahfuz, angon, ya ce a ja wuta daga soket, a bi da waya ta bango cikin farar roba, kada a buɗe silin. Ta ɗauka rowa ce. Ɗakin ƙanwarta da waya a fili kamar shagon caji? Yana fita ta ce wa Elisha ya hau.

Da ta dawo ciki ta ɗaga kai, sai ta ga abin da ba ta kula da shi ba a da. Ƙarƙashin sabon fentin akwai shacin jirwaye, ruwan ƙasa-ƙasa, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ta dubi kaskon turaren wuta da ke hayaƙi a bakin ƙofa. Duk zuwan da suka yi gidan nan kaskon nan a kunne suke tarar da shi, har ta yaba wa yaron a gaban mutane, wai ga namiji mai son ƙamshi. Ƙyamar da ta ji yanzu ta fi ta ɗazu.

Ummi na da asma. Habibatu ce ta raine ta bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta sha goya ta zuwa asibiti tana jan numfashi kamar ran zai fita. Yarinyar da ƙurar shara ma ke kwantar da ita, a nan za a rufe ta.

Mahfuz ya shigo, ya ga gadon, ya ga ramin. Ko alamar mamaki babu a fuskarsa.

"Haba Yaya Habiba, ai shi ya sa na ce a bi ta bango."

"Ashe ka sani."

"Sun daɗe a ciki, tun Baba na da rai. Ba sa sauka ƙasa. Bayan biki zan sa a kwashe silin ɗin gaba ɗaya, in sha Allahu."

"Ka san ciwon Ummi."

"Na sani, amma in aka taɓa shi yanzu sai an ɗage ranar kai amarya, mutane kuma sun taho daga nesa. A bar kaza cikin gashinta, don Allah. Kada ma ta ji."

Yayar amarya ba ta ɗaga wa suruki murya a gidan ubansa, balle ta ce a ɗaga biki. Gobe sai a ce dangin amarya ne suka zo da fitina, kuma Ummi ce za ta zauna da wannan sunan. Wannan hukunci na manya ne. Ta shiga naɗe zanen gado tana kawar da kai.

Elisha ya mayar da allon, ya liƙe gefensa da farin salatif. Ya bi da waya ta bango kamar yadda aka ce tun farko, ya ɗaure ƙarfen, ya kunna. Ɗakin ya yi kyau, kyan ɗan maciji. Mahfuz da kansa ya tsaya aka juya kawunan duka suka kalli ƙasa, kan madubi da kabad da kafet, sama kuwa ta koma inuwa. Ya ƙara gawayi a kasko, ya fita tarbo gwaggonsa Hajiya Amatullah, wadda za ta zo da mata ganin jere bayan la'asar. Ita ce babba a gidan, in ta faɗa ta zauna.

Habibatu ta ji muryoyinsu a tsakar gida. Ta ɗauki sandar mofa, ta miƙa hannu, ta tura kan fitilar ƙarshe sama. Hasken ya faɗa daidai kan allon. Salatif ya fito, jirwayen ya fito, ga wani baƙin gari yana sulalowa a hankali ta tsagar yana yawo cikin haske.

Mata suka shigo da guɗa. "Masha Allah! Kai, wannan ɗaki..." Hajiya Amatullah ta bi haske da ido daga madubi zuwa kabad, har ta kai sama. Guɗar ta mutu.

"Mahfuz, zo nan. Mene ne wancan?"

Habibatu ta sunkuyar da kai yadda ya kamaci baƙuwa a gidan surukai. Ta ɗauki kaskon turaren ta fita da shi, ta tsiyaya masa ruwan buta har ya daina hayaƙi. Sannan ta ja musu ƙofar.