Waƙar da Ba Ta Cikin Piyano

Asabar uku ke nan Julius, malamin mawaƙa a wani coci a Sabon Gari, yana fama da waƙar da Mama Keziya ta zo da ita daga ƙauyensu. So yake ya rubuta ta da do-re-mi kafin bikin godiya. Amma da ta kai baiti na biyu sai muryarta ta sauka inda piyanonsa ba shi da wuri: ta wuce farin maɓalli, ba ta kai baƙin ba.

Har Samaru Julius ya kai kaset ɗin waƙar wurin Ejike, abokinsa da ya karanci kiɗa. Ejike ya saurara sau biyar, ya jero sunayen sautuka da Turanci, ƙarshe dai ya ce bai san wannan ba.

"Mama, ki ɗan ɗaga murya," in ji Julius da suka sake haɗuwa a coci, yana murza ido. "Kina kaucewa."

Ta yafito matan zumuntar coci 'yan garinsu, su tara. Suka ɗauki waƙar, dukansu suka sauka daidai inda take sauka.

"Ɗana," ta ce, "mu goma ba ma kuskure wuri ɗaya. Akwatinka ne bai taɓa zuwa garinmu ba."