Gurasa a Akwatin Tsutsa

Tun ranar da Ummu Zuhair ta ba Yoris makullin saman bene take cizon yatsa, shi kuwa tun ranar ya naɗa kansa malamin unguwa. Mutumin Holan ne, dogo kamar falwaya, mai tabarau, yana aiki da wata ƙungiyar kula da muhalli a Amman, yana haya a hawa na biyu na gidanta. Can sama, tsakanin tankunan ruwa da igiyar shanya, ya jera tukwanen tumatir da na'a-na'a da wata 'yar bishiyar lemun tsami, ga akwatin katako inda yake kiwon tsutsotsi suna mayar masa da ɓawon kayan miya taki. A garin da ba shi da uwa ba shi da uba, wannan lambu shi ne danginsa. In ya dawo daga aiki ko jaka ba ya ajiyewa sai ya hau ya duba su.

Abin da ya hana Yoris zaman lafiya bakinsa ne. Ranar da aka sako ruwan famfo, in mata suka fito da tiyo suna wanke matakala, sai ya tsaya yana kaɗa kai kamar an aiko masa da mutuwa. Ya taɓa mayar wa Abu Ra'id mai kanti ledarsa a gaban jama'a, har da wa'azi kan kifayen teku. Unguwa ba ta yi jayayya da shi ba, suna kawai ta sa masa: Abu Tsutsa.

"Ka buɗe kunnenka, ɗan nan," in ji Ummu Zuhair bayan rigimar ledar. "Aka sake kawo min ƙararka, makullina ya dawo. Ban ba ka ɗaki don ka koya mana zaman duniya ba."

Ya kama bakinsa, amma bai kama hannunsa ba. Kullum da safe in zai wuce tankin shara na bakin layi, sai ya ga ledoji cike da busasshiyar gurasa an rataye su a jikin katanga. Abin na ci masa rai. Abinci a titi, kuma a cikin leda! Mai ganin ya fi kowa sani ba ya tambaya, don haka bai tambayi kowa ba. Ya shiga kwashe ledojin yana haurawa da su, yana gutsuttsura gurasar a akwati, yana cakuɗa ta da ɓawon ƙwai da sharar ɗaki da kashin tattabarun maƙwabta. Tsutsotsi suka yi ɓul-ɓul, shi kuma yana jin ya rufa wa unguwa asiri.

Wata Juma'a da hantsi yana ba tumatir ruwan wankin shinkafa, ya ji ana hawowa da ƙyar. Ummu Zuhair ce, tana dafe da gwiwarta mai ciwo, Abu Ra'id na biye da ita yana murmushin mugunta.

"Hajja, makiyayin da ke zuwa ɗibar gurasa ya yi ta zagin karnuka," in ji Abu Ra'id. "Na ce masa karen nan da tabarau yake yawo."

Yoris bai ji zafin maganar ba, don a ganinsa yau ce ranar da za a yaba masa. Ya ɗaga murfin akwatin da alfahari. "Zo ki gani da idonki, Hajja. Babu abin da ya tafi a banza."

Ta leƙa. A saman baƙar ƙasar ga rabin gurasa ta yi kore, tsutsotsi na shiga suna fita, kashin tattabara ya manne a gefenta. Tsohuwar ta yi salati da ƙarfi har matan benen da ke kallonsu suka leƙo ta taga.

"Gurasa ce wannan?"

"Da can gurasa ce. Ku kuka zubar, ni na tsince."

"Mu muka zubar? Wa ya zubar? Tunda ka zo layin nan ka taɓa ganin gurasa a cikin shara? Ratayewa muke yi, makaho, don kada ta taɓa ƙazanta! Mai tumaki ya zo ya ɗauka. Kai kuma ka sauko da ita ka kwaɓa da kashi!"

"To tunkiya ta ci, tsutsa ta ci, mene ne bambancin? Ai duk ƙasa za ta koma."

"Kai ma ƙasa za ka koma," in ji Abu Ra'id. "Mu fara zuba maka kashin tattabarar tun yanzu?"

Dariya ta tashi daga tagogi. Nan zuciya ta ɗebi Yoris, ya manta da kashedi, ya saki abin da ya daɗe yana haɗiyewa. "Ku da kuke malalar da ruwa a matakala alhali ƙasarku na kukan ƙishi! Ku da ledarku ta rufe kowace bishiya! A kan ɓawon gurasa ne za ku tuna da tsoron Allah?"

Akwai gaskiya a maganarsa, amma ya zaɓi mummunar rana. Ummu Zuhair ta durƙusa a kan gwiwar nan da ko a salla sai da kujera, ta zura hannu cikin takin tana tsamo gurasar gutsure-gutsure. Kowanne ta kakkaɓe, ta sumbata, ta ɗora a goshi, ta sa a gefen mayafinta.

"Ranar da aka kore mu daga garinmu lokacin yaƙi, ina yarinya, gurasa ɗaya uwata ta ƙulle a mayafi," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Ita ta raba mana har muka tsallako kogi." Ta miƙe da taimakon Abu Ra'id, ta shimfiɗa tafin hannu. "Makulli."

Sai a lokacin tsoro ya kama Yoris. Ya dubi lemun da ya fara fure, ya dubi ranar bazara da ke dukan siminti. In aka rufe ƙofar nan, kafin wata Juma'ar komai ya ƙone. Ya sunkuya da sauri ya tsamo wani gutsure, ya rufe ido ya kai bakinsa, ya ɗora a goshi kamar yadda ya ga ta yi. Ɗacin takin ya cika masa baki.

"Ajiye," in ji ta. "Ni don Wanda ya ba da ita nake sumbatarta. Kai don makulli."

Ya ciro shi daga aljihu ya ba ta. "Hajja, tsutsotsin fa? Ba ruwa za su mutu."

"Wanda ya halicce su ya san inda suke."

Ta sa shi a gaba har matakala, Abu Ra'id na biye, ta ja ƙofar ƙarfen ta murɗa makulli, ta sauka tana rungume da gurasarta. Yoris ya tsaya a wurin yana goge leɓe da bayan hannu, yana jin ƙamshin na'a-na'arsa ta ƙasan ƙofa.